Taken da Aka Kaɗa wa Hambali

Malam Isiyaku yana cikin ɗaura wa shanunsa karkiya a garken bayan gida sai Zuliha ta zo ta durƙusa can nesa da shi, ta gaishe shi. Ya amsa, ya ci gaba da ƙulla igiya. Ta sake gaishe shi. Da ya ga ba ta tashi ba, ya san da magana. Matar babban ɗansa ce, kuma tun da suka dawo daga birni wata biyu da suka wuce, gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

"Baba, ya kasa tashi," ta ce, kanta a ƙasa. "Ko asuba a kwance ya yi ta."

Malam Isiyaku ya ce gajiya ce. Duk wanda ya yi aikin da aka yi jiya dole jikinsa ya gaya masa, ta dafa ruwa ta gasa masa. Ya faɗi haka yana ɓoye murmushi, don tun jiya da yamma ƙauyen ba shi da wani zance sai na yadda ɗansa ya yashe kanal ɗin ban-ruwa.

Zuliha ba ta motsa ba. Da Indo, uwar mijinta, tana da rai, ita za ta kai wa wannan magana. To, Indo ta rasu shekara uku ke nan, babu wata babbar mace a gidan. Sai ta janyo wani tsohon gwangwanin madara daga bayanta, ta tura shi gaba da ɗan yatsa, ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Ta ce tun jiya da magariba, wannan ne kaɗai ya fita daga jikinsa.

Tsohon ya sunkuya. Fitsarin bai kai rabin gwangwanin ba. Launinsa irin na shayin da aka manta a kan wuta ne, ba a sa masa madara ba.

Daidai nan ƙaninsa Dattijo ya shigo neman aron shebur. Ya leƙa gwangwanin, ya yi dariya, ya ce tsargiya ce. Wa ya taɓa shiga kanal bai yi fitsarin jini ba? Yaran ƙauyen nan duk da shi suke girma, har gasa suke yi a gindin garu. Ya ce a bar Akawu, kamar yadda ƙauye ke kiran yaron, ya huta, ruwan madatsar Tiga ne ke yi masa barka da zuwa, ba komai.

Wannan "ba komai" ta kai mutanen yankin nan kabari fiye da yunwa. Tun da aka kawo ruwan rani, aka cika gonakin Kura da Bunkure da alkama da tumatir, jini a fitsari ya daina ba kowa tsoro. An saba da ciwo har an ba shi wurin zama. Yaro ya rame, a ce girma ne, babba ya faɗi, a ce gajiya ce, sai ranar da aka shimfiɗa tabarmar gaisuwa a ce kwana ya ƙare, kowa ya koma gonarsa.

Malam Isiyaku ya sake duban gwangwanin. Ya san tsargiya, shi ma ya yi ta. Ja ne jininta, kuma a ƙarshen fitsari yake zuwa. Wannan kuwa baƙi-baƙi ne tun daga sama har ƙasa, kuma ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya, a ƙarƙashin wani sa nasa.

Shekara goma sha biyu ke nan. Goshi sunan san, fari mai tabo baƙi a goshi. Ya yi rani guda a turke yana cin harawa da dusa har ya yi kumari. Ranar ruwan fari Malam Isiyaku ya ba wani maƙwabci aronsa, mutumin ya huɗa da shi tun hantsi har la'asar ba hutu. Washegari ƙafafun bayan san suka sandare, cinyoyinsa suka yi tauri kamar itace, ya yi irin wannan fitsari. Rana ta uku aka yanka shi yana shure-shure. Tun daga nan Malam Isiyaku ya kafa wa kansa doka. Duk wani sa da ya jima a turke ba ya huɗa ranar farko. Sai ya yi kwanaki yana jan amalanke ba kaya, sannan da kaya kaɗan, sannan kunya biyar, gobe bakwai. Mutane suna yi masa dariya, wai yana lallashin dabba kamar amarya. Amma ba a sake yanka masa sa ba.

Ya miƙe, ya ce wa Dattijo ya ɗaura amalanke, ya shimfiɗa katifa a ciki. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya shiga ɗakin ɗansa.

Hambali ɗan fari ne. Shekararsa talatin da huɗu, ubansa bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa cewa ya kyauta ba. "Wannan yaron" yake ce masa, haka aka gada. Yaron ya yi makaranta, ya samu aikin akawu a wata masaƙa a wajen Kumbotso, ya shekara takwas a kan kujera ƙarƙashin fanka. Bana masaƙar ta rage ma'aikata, ya kwaso matarsa da akwatuna biyu ya dawo gida. Tun daga ranar ƙauye ya raɗa masa Akawu. In ya wuce majalisa a tambaye shi ko an zo da biro a yi shuka. In ya miƙa hannu a gaisa, a juya tafin a ce wannan ai na ƙunshi ne. Yakan yi murmushi ya wuce. Uban yana ji, ba ya iya cewa komai, don wanda ya kare ɗan fari a bainar jama'a shi ne abin dariya na gaba.

Yanzu ga shi kwance a kan gado, leɓunansa sun bushe. Da ya ga wanda ya shigo ya yunƙura zai tashi, jikin ya ƙi. Malam Isiyaku ya sa hannu ya taɓa cinyarsa. Ta kumbura, ta yi tauri, da zafi kamar an ciro ta daga tukunya. Damatsan ma haka.

"An ƙarasa yasar?" Hambali ya tambaya.

"An ƙarasa."

"Ɓangarenmu bai rage ba?"

Tsohon ya ce bai rage ba, ya juya ya fita da sauri.

Mutum uku ne suka ɗauko shi zuwa amalanke. Zuliha ta zauna ta wajen kansa da butar ruwa. Daga ƙauyen zuwa bakin kwalta tafiya ce mai ɗan nisa, kuma shanun yau kwanansu huɗu kacal da barin turke, iyakarsu ƙofar gari su dawo. Malam Isiyaku ya ɗaga sanda zai tsula wa na dama, sai hannunsa ya tsaya a sama. Ya sauke, ya yi musu magana da baki, suka ci gaba da takunsu.

Hanyar ta bi gefen kanal ɗin, ƙaramar magudanar da ke kai ruwa gonakin ƙauyen. Kowace shekara bayan damina ana rufe ruwa a yashe ta kafin shukar alkama, kowane gida ya ba da namiji guda. Ga laka nan an tula a gefe, ta fara tsagewa a rana. Tulin kowa daidai gwiwa. Da suka zo ɓangaren gidan Malam Isiyaku, tulin ya kai ƙugu, kuma ya zarce har cikin rabon gidaje biyu na gaba. Tsohon ya kau da kai.

A wannan ƙauye in ana gayya, kowane gida da takensa a gangar noma. Wanda ake kaɗa taken gidansu ba ya miƙewa, ba ya ajiye shebur, ba ya shan ruwa, sai ganga ta koma kan wani. Makaɗi mai hankali ba ya daɗewa a kan mutum ɗaya, yakan zagaya ne don kowa ya samu ya numfasa. To, jiya da safe Malam Isiyaku ya ja Hammadu makaɗi gefe, ya yi masa alkawarin damin dawa, ya ce ya riƙe wa yaron nan takensa. Abin da bakinsa ba zai iya faɗa ba yake so ganga ta faɗa, gari ya ji cewa wannan nasa ne. Hammadu kuwa ya ji dami. Sai ya tare a kan Hambali, in ya ɗan leƙa wani gida ya dawo. "Na Isiyaku ƙi-miƙe, rana ta gaji ta bar ka a gona." Tun hantsi har la'asar, cikin zafin ƙarshen damina da ko iska babu. Sauran maza suka riƙa zama a inuwa suna shan fura suna kallo, suna cewa ashe Akawu ɗan babansa ne. Malam Isiyaku yana tsaye a kan gaɓa, ƙirjinsa ya cika, bai taɓa jin daɗin wata rana kamar wannan ba.

A kusa da gada suka yi kiciɓis da Hammadun, a kan keke. Tun daga nesa ya ɗaga hannu ya fara taken da baki. Da ya matso ya ga wanda ke kwance, sai ya haɗiye sauran, ya sauka daga keken, ya tsaya riƙe da shi har suka wuce.

A bakin kwalta suka samu a-kori-kura ɗauke da buhunan shinkafa za ta Kura. Direban ya matsar da buhu biyu aka kwantar da Hambali. Dattijo, da ya rako su, ya juya da shanu, yana cewa har yanzu shi dai da ƙaho aka yi masa, wanzami ya zuƙe mataccen jinin, da tuni ya miƙe.

Ƙaramin asibiti ne, ɗaki huɗu da baranda. Likitan da suka tarar yaro ne, ɗan bautar ƙasa daga wajen Pankshin, sunansa Elias, siriri mai tabarau da wandon kaki. Malam Isiyaku ya dube shi, ya ji zuciyarsa ta ɗan karaya. Likitan ya zaro kati ya tambayi sunan mara lafiya. Tsohon ya dubi Zuliha, Zuliha ta dubi ƙasa. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji. Elias ya riƙe biro yana kallon wannan yana kallon wancan.

"Hambali Isiyaku," in ji mara lafiyar daga kan gado, da ƙyar. "Rubuta, Likita. In ka jira su sai gobe."

Elias ya yi dariya, amma da Zuliha ta buɗe ƙyallen da ta naɗe gwangwanin dariyar ta ɗauke. Ya ɗebi kaɗan ya shiga ciki. Ya dawo ya ce ya duba a madubin ganin ƙwayoyin cuta, babu ƙwan tsargiya, babu ma jinin kansa. Ya matsa cinyar Hambali, ya tambayi me ya yi jiya, awa nawa, ya sha ruwa ko bai sha ba, yaushe rabonsa da irin wannan aiki. Da ya ji shekara takwas sai ya cire tabarau ya goge fuska. Nan take ya sa aka ɗaura masa ƙarin ruwa, ya buɗe shi yana zuba da sauri, ya ce a riƙa ba shi na baki ma, kofi bayan kofi, ko yana so ko ba ya so.

Ya ja tsohon baranda ya gaya masa gaskiya. Naman jikin ne ya farfashe daga ciki, abin da ke cikinsa ya zubo a jini, yana neman toshe ƙoda. Ruwa ne zai wanke ta. In fitsari ya zo kafin rana ta faɗi, da sauƙi. In bai zo ba sai a nufi Kano, kuma can ɗin ma ba alkawari zai yi masa ba.

Malam Isiyaku ya ce shi abin da bai gane ba, aiki ne fa. Shi ya shekara arba'in yana irin wannan, wani lokacin har da azumi a bakinsa, bai taɓa kwanciya ba. Ta yaya abin da ke gina mutum zai rushe wani?

Elias ya tambaye shi ko akwai maƙera a ƙauyensu. Ya ce akwai.

"To, Baba, naman jikin mutum maƙera ce. Iskar da muke shaƙa ita ce zuga-zugi, tana hura wutar da ke ƙona abinci ya zama ƙarfi. In aiki ya yi tsanani zugar ta yi yawa, tartsatsi ya riƙa tashi. Tartsatsin nan yana cin naman kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe."

Ya ce maƙerin da ke aiki kullum ya san halin wutarsa, ga tulun ruwa a gefe, ga rairayi. Haka jiki yake. Aikin yau da gobe, kaɗan-kaɗan, shi ke koya masa ya tanadi abin kashe tartsatsin, har ya zamana ɗan ƙunar da ya samu yau ita ke sa gobe ya fi ƙarfi. Jikin Baba ya cika da irin wannan tanadi. Na ɗansa ya shekara takwas ba a hura wuta sosai ba, tulunan sun ragu. Sai rana ɗaya aka zuga ta tun safe har yamma, ga zafi, ga ƙishirwa, ga jijiyoyin da ba su saba ba suna tsinkewa. Ya ce wannan magana ta tartsatsi sabuwa ce, kwanan nan ya karanta ta a Jos, a jikin ɓeraye aka fara gani, masana ma ba su gama bin diddiginta ba.

"A jikin ɓera," in ji Malam Isiyaku. "Ni a jikin sa na gani."

Ya ba shi labarin Goshi, da dokar da ya kafa wa shanunsa. Elias ya saurara bakinsa a ɗan buɗe. Ya ce ai Baba ya riga littafin, abin da Turawa ke ta auna wa ɓeraye ke nan. Sai kuma fuskarsa ta canza, muryarsa ta ɗan hau, ya manta da girman wanda ke gabansa. Ya ce to in an san haka a kan sa, me ya sa gari guda ya zauna a inuwa yana kallon mutum yana kashe kansa? Wa ya hana shi tsayawa?

Suna tsaye ne daidai tagar ɗakin. Tsohon ya leƙa, ya ga idon ɗansa a rufe.

"Ni ne," ya ce. "Ni na sa aka kaɗa masa."

Ya bayyana masa al'adar ganga, da damin dawa. Elias ya gyara zaman tabaraunsa. Ya ce a dai ci gaba da ba shi ruwa, ya tafi duba wata mai ciki.

Azahar ta yi, aka sa ledar ruwa ta uku. Malam Isiyaku ya yi salla a baranda ya dawo. Zuliha tun safe ba ta sa komai a bakinta ba, ya ce ta je ta nemi abinci a bakin titi. Ta ce ba ta jin yunwa. Ya sake faɗa, ta tashi. Suka rage su biyu. Ya zauna a kan benci yana kallon ruwan yana ɗiga, ga kofi a gefe, ga kwalbar fitsari da aka ajiye a ƙarƙashin gado ba komai a cikinta. Lokacin ba da ruwa ya yi, babu mai bayarwa sai shi. Ya cika kofin, ya tura hannunsa na hagu ƙarƙashin wuyan ɗansa ya ɗago shi. Kan ya fi yadda ya zata nauyi. Akwai furfura biyu ko uku a gefen kunne, bai san da su ba.

Hambali ya sha rabi, ya numfasa.

"Na ji abin da ka gaya wa Likita, Baba. Dama na sani. Na ga lokacin da ka ja Hammadu gefe."

Tsohon ya dubi kofin da ke hannunsa.

"Tun kafin azahar ƙafafuna suka daina jin magana. Na so in zauna. Sai in ɗaga kai in hango ka a kan gaɓa, hularka ta karkace, kana dariya. Ban taɓa ganin kana dariya saboda ni ba."

Malam Isiyaku ya ce masa ya shanye ruwan, surutu ba ya wanke ƙoda. Hambali ya shanye. Uban bai zare hannunsa daga ƙarƙashin wuyan ba. Da Zuliha ta dawo da ƙosai a takarda ta hango su daga ƙofa, sai ta koma baranda ta zauna, ta ci ƙosanta a can.

Aka kira la'asar, kwalba na nan yadda take. Elias ya shigo ya dubi agogo, ya saurari ƙirjin Hambali, ya ce wa ma'aikacin asibitin ya je tasha ya tsayar da mota ko da za a buƙata. Malam Isiyaku ya yi alwala, ya tsaya a bayan liman a masallacin bakin titi, ya kasa tuna raka'a nawa aka yi. Inuwar dalbejiyar asibitin ta miƙe har ta taɓa katanga.

Yana dawowa ya tarar an ja labule, Zuliha a waje ta haɗa hannuwa a ƙirji. Can Elias ya fito riƙe da kwalbar, ya ɗaga ta a hasken yamma. Ta kusa cika. Launin bai washe ba, amma ya sauka, ya koma kamar ruwan da aka jiƙa tsamiya. Likitan ya ce hanya ta buɗe. Ba a fita daji ba tukuna, zai kwana biyar ko shida a nan ana zuba ruwa, amma a sallami motar.

Tsohon ya karɓi kwalbar da hannu biyu, ya daɗe yana dubanta. Sai da Zuliha ta yi ƙaramar dariya cikin mayafi sannan ya gane abin da yake riƙe da shi a gaban surukarsa, ya miƙa wa likitan da sauri. Ya tambaya ko ke nan yaron ya bar aikin gona har abada. Elias ya ce a'a, zaman ne ma zai cuce shi. Ya huta sati biyu, sannan ya fara. Yadda za a fara kuwa, ya ce, Baba ya fi shi sani.

Ranar da aka sallamo su, Malam Isiyaku ya aika wa Hammadu daminsa, don alkawari alkawari ne. Ya haɗa da saƙo cewa taken gidansa ya huta, kada a sake kaɗa shi sai ya ce.

Sati uku bayan haka aka sako ruwa. Da sassafe ana ta gyaran fangalin ban-ruwa a gonakin alkama, kowa da fartanyarsa. Malam Isiyaku ya shiga gaba, ya auna taku goma sha biyar daga bakin gona, ya ja layi a ƙasa da sandarsa, ya tsaya a kai. Hambali ya sunkuya ya fara. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, amma saransa a miƙe yake. Kafin rana ta yi zafi ya iso layin. Gumi kaɗan ne a goshinsa, ya ɗaga fartanya zai sara gaba, uban ya sa sanda ya tare ta.

Hambali ya ce ai bai gaji ba. Malam Isiyaku ya ce shi ya sa. Ya karɓi fartanyar, ya miƙa masa butar ruwa, ya nuna masa gindin mangwaro.

Dattijo yana gonar da ke maƙwabtaka, ya dogara da ƙotar fartanyarsa yana kallo. Ya ɗaga murya yadda na nesa za su ji.

"Yaya, ashe sa ka mai da Akawu? Saura ka ɗaura masa amalanke ba kaya."

Aka yi dariya daga gonaki biyu ko uku.

"Da tun farko na mai da shi sa," in ji Malam Isiyaku, "da ba mu je Kura ba."

Ya tsaya sai da ya ga Hambali ya zauna a inuwa ya kafa kai a butar. Sannan ya juya, ya auna taku uku daga layin, ya ja na gobe.